Kuɗin Wuta da Ribar Masu Haƙar Bitcoin a Gida, 2009 zuwa 2014

Ranar 5 ga Oktoba 2009 aka fara yi wa Bitcoin kuɗi: guda 1,309.03 a kan dalar Amurka ɗaya. Babu kasuwar da ta yanke wannan farashi, domin a lokacin ba a kafa kasuwar ba tukuna. Wani mutum ne da ya ɓoye sunansa, yake kiran kansa New Liberty Standard, ya zamna ya lissafa kuɗin wutar da kwamfutarsa ke sha a wata, ya duba yawan Bitcoin da ta samo masa cikin watan, ya raba. Abin da ya fito shi ya kira farashi. Ke nan tun ranar farko, takardar kuɗin lantarki ce ma'aunin wannan sana'a.

Ƴan uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauko wanga tarihi shi ne, yau da wuya ka zamna a fada ana shan shayi ba ka ga mai danna waya yana cewa "mayinin" yake yi ba. In ka tambaye shi, labari ɗaya zai ba ka: wai mutanen farko a ɗakin kwanansu suka kunna kwamfuta suka kwanta, suka wayi gari attajirai, mu kuma kada a sake barin mu a baya. Labarin yana da ƙamshin gaskiya, amma an cire masa lissafi. Ni kuwa lissafin nake so mu bi, shekara bayan shekara, mu ga nawa aka kashe a wuta, nawa aka samu, da abin da ya kori haƙar daga gidajen mutane cikin shekara biyar.

Kafin nan, gargaɗi ɗaya irin na mai karatun harshe. A bakinmu dala tamma biyar ce. Duk inda na ce dala a rubutun nan, ta Amurka nake nufi, wadda a Oktoba 2009 take wajen tamma 445 na sefa. Santi kuma ɗaya ne cikin ɗari na dalar. In mun juya wancan farashi zuwa kuɗinmu, tamma ɗaya ta sayi Bitcoin kusan uku, dalarmu ta kasuwa kuwa, wadda ko alawa ba ta saye yau, ta sayi kusan 15.

Me ake haƙawa?

Kalmar haƙa aro ce daga masu tonon zinariya, kuma tana ruɗar mutane, domin babu abin da ke binne. Bitcoin babban kundin lissafi ne da ke rubuta wa ya ba wa nawa, kwamfutoci da yawa a ƙasashe dabam dabam suna riƙe da kwafinsa. Kusan kowane minti 10 ana ƙara masa sabon shafi, wanda ya rufe shafin shi ke karɓar lada. Kafin a yarda ka rufe shi, sai kwamfutarka ta canki wata lamba da ta cika sharaɗi. Babu wata dabara a ciki: ka gwada lamba, in ba ta yi ba ka gwada ta gaba, sau miliyoyi a daƙiƙa. Canki-canki ne, kuma kowane canki yana shan wuta. Wutar da kilowat-awa ake auna ta, shi ne abin da mita ke ƙirgawa. Ƙwan fitila mai wat 100, in ya yi awa 10 a kunne, ya sha kilowat-awa ɗaya.

Satoshi Nakamoto, wanda ya fitar da bayanin tsarin ranar 31 ga Oktoba 2008 ya kuma buɗe shafin farko ranar 3 ga Janairu 2009, ya kafa ƙa'idoji biyu da duk tarihin nan ya rataya a kansu. Ta farko ita ce lada: Bitcoin 50 a kowane shafi, wato wajen 7,200 a rana ga duniya baki ɗaya, kuma ana raba ladar biyu bayan kowane shafi 210,000, kusan shekara huɗu ke nan. Ta biyu ita ce tsauri. Bayan kowane shafi 2,016, kusan sati biyu, tsarin kan duba saurin da aka yi. In masu canki sun ƙaru an rufe shafuka da wuri, sai ya ƙara wa cankin wuya har a koma minti 10. In sun ragu, ya sassauta.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. A rijiyar zinariya, in mahaƙa sun ninka ana iya fitar da ƙarin zinariya. A nan kuwa ko duniya duka ta shigo, 7,200 ɗin nan ce dai a rana. Tuwon ba ya ƙaruwa, hannuwa ne ke ƙaruwa.

2009: kaya tuli, babu mai saye

A 2009 ma'aunin tsauri yana kan 1, mafi sauƙin da tsarin ya yarda da shi, kuma bai motsa ba sai ranar 30 ga Disamba. A wannan mataki, canki biliyan 4.3 ake bukata a matsakaici kafin a dace da shafi ɗaya. Biliyan ita ce miliyar a bakinmu na nan. Adadin yana da girma a kunne, amma kwamfutar tebur ta lokacin tana gama shi cikin awa ɗaya ko biyu.

Ga lissafin New Liberty Standard dalla-dalla. Ya ɗauka cewa kwamfuta mai aiki ba hutu tana shan kilowat-awa 1,331.5 a shekara, wato wat 152 dare da rana. Matsakaicin kuɗin wutar gida a Amurka a shekarar da ta gabata santi 11.36 ne kowane kilowat-awa. In ka ninka, dala 151 da ƴan kai ke nan a shekara, dala 12.60 a wata, jaka biyar da rabi a kuɗinmu da ɗan ɗori. In ka sake ninka kuɗin watan da 1,309.03, sai ka ga abin da kwamfutar tasa ta samo cikin kwana 30: Bitcoin 16,500, shafi 330, goma sha ɗaya a rana.

Yau duk wanda ya ji 16,500 sai ya riƙe baki. Amma mutumin 2009 ba shi da wanda zai sayar wa. Cinikin farko da aka sani na Bitcoin da kuɗin gwamnati ranar 12 ga Oktoba 2009 aka yi shi, lokacin da Martti Malmi, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan da ke taimaka wa Satoshi, ya sayar wa New Liberty Standard guda 5,050 a kan dala 5.02 ta PayPal. Bisa wancan ma'auni, wutar da ta samar da su ta ci dala 3.86. Ribar duka ke nan dala ɗaya da ƴan santi.

Shi ya sa ba na ganin wautar waɗanda suka kashe kwamfutocinsu a shekarar. Hal Finney, masanin lissafin sirri a Kalifoniya, shi ne mutumin farko da Satoshi ya aika wa Bitcoin, guda 10, ranar 12 ga Janairu 2009. Daga baya ya ba da labari da kansa cewa ya daina haƙar bayan ƴan kwanaki, saboda kwamfutar tana ɗaukar zafi, ƙarar fankarta kuma ta dame shi. Wuta ana biyanta da kuɗin gaske a ƙarshen wata, abin da ake samu kuwa ko farashi ba shi da shi. Mai haƙar 2009 ɗan sha'awa ne, yana kashe dala goma sha biyu a wata don ya ga ko abin zai yi aiki.

2010: shigowar katin hoto

A cikin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke gudanar da komai, akwai kuma katin hoto, wanda aka ƙera don zana hotunan wasannin bidiyo. Ƙwaƙwalwar kamar gwanin magini ce guda ɗaya, ya iya kowane aiki. Katin hoto kuwa lebura ne fiye da dubu, ba su iya komai ba sai miƙa bulo, amma tare suke miƙawa. Canki-canki aikin miƙa bulo ne. Katin Radeon HD 5870, wanda masu haƙa suka fi so a lokacin, yana da irin waɗannan ƴan hannuwa 1,600, yana canki kusan miliyan 400 a daƙiƙa da wutar da ba ta kai wat 200 ba. Ƙwaƙwalwa mai kyau kuwa ƴan miliyoyi take yi.

Satoshi ya hango wannan. A Disamba 2009 ya roƙi abokan tafiyarsa su yi alkawari tsakaninsu, a jinkirta tseren katin hoto gwargwadon iko, don duk mai kwamfuta ya iya shiga. Alkawarin bai yi wata shida ba. A Mayu 2010, Laszlo Hanyecz na birnin Jacksonville a jihar Fulorida yana cikin na farkon da suka sa katin hoto haƙa. Shi ne kuma ranar 22 ga watan ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu, abincin wajen dala 41. Ana yawan ba da labarin nan don a yi masa dariya, amma ku duba da idon ranar: an biya shi ninki biyar na farashin Oktoba, a kan kayan da yake samu dubbai ba wahala.

A Yuli 2010 labarin Bitcoin ya bazu tsakanin masana kwamfuta, farashi ya tashi daga ƙasa da santi ɗaya zuwa santi 8 cikin ƴan kwanaki, kasuwar Mt. Gox kuma ta buɗe a watan. Tsakanin Satumba da Oktoba aka saki manhajojin haƙa da katin hoto kyauta ga kowa. Ma'aunin tsauri, wanda ya shigo shekarar yana kusa da 1, ya fita daga cikinta ya haura 14,000.

Mu koma kan waccan kwamfuta mai rufe shafi goma sha ɗaya a rana. A tsaurin ƙarshen 2010, sai ta yi shekara uku da rabi kafin ta dace da shafi ɗaya. Za ta sha wutar fiye da dala 500, ta kawo Bitcoin 50 da kowane ɗaya santi 30 ne a lokacin, dala 15 ke nan. Wannan ce kora ta farko. Cikin wata goma sha biyar, kwamfutar tebur ta tashi daga mai biyan kuɗin wutarta zuwa mai ƙona kuɗi.

Ko masu katin hoto, jira ya fara yi musu tsawo. A ƙarshen shekarar Marek Palatinus, ɗan ƙasar Cek, ya buɗe haƙar haɗin gwiwa ta farko, irin gayya: kowa ya kawo ƙarfin na'urarsa, in ɗaya ya dace da shafi a raba ladar gwargwadon aikin kowa, mai gayya ya cire ɗan kasonsa. Gayya ta maganta jira, ta sa ana samun kaɗan kaɗan kullum. Ba ta ƙara girman gonar ba, kuma ba ta rage wa kowa kuɗin wuta ba.

2011: hawa da gangara

Ranar 9 ga Fabrairu 2011 Bitcoin ɗaya ya kai dala ɗaya. Ranar 8 ga Yuni ya haura dala 30. In akwai lokacin da labarin ɗakin kwana ya zama gaskiya, to wannan ne. Bari in yi lissafin da alƙalamina. Kwamfuta mai katin 5870 guda, duka-duka tana shan wajen wat 300, wato kilowat-awa 7.2 a rana. A santi 12, kuɗin wutar gida a Amurka a shekarar, santi 86 ke nan a rana. Tsauri a farkon Yuni yana wajen 600,000, saboda haka katin yana kawo kusan Bitcoin 0.7 a rana, dala 20. Ka zuba ƙasa da dala ɗaya, ka kwashi ashirin. Kuɗin katin kansa yana dawowa cikin sati biyu ko uku.

Wa zai ga haka ya zamna? Katunan suka yi wuyar samu a kantuna. Samari suka riƙa jera kati uku ko huɗu a cikin akwatin roba, su kafa musu fanka, ɗaki ya koma gidan burodi. Wani iyaka kuma ya bayyana wanda ba a yi zato ba: layin wutar ɗaki a gidajen Amurka galibi wat 1,800 yake ɗauka, akwati ɗaya mai kati huɗu kuwa yana neman wajen 1,000. Ka haɗa biyu a layi ɗaya, wuta ta yanke. Gida, da wayoyinsa da zafinsa, ya fara yi wa sana'ar kaɗan.

Sai ƙa'ida ta biyu ta yi aikinta. Hannuwa suka ƙaru, tsauri ya hau zuwa kusan miliyan 1.9 a Agusta. Farashi kuma ya juya, ya yi ta gangarowa har ya taɓa dala 2 a Nuwamba. Mu sake lissafin da kati ɗaya, a tsaurin miliyan 1.2 na watan: Bitcoin 0.33 a rana. In an sayar a dala biyu da rabi, santi 83. Wuta tana nan a santi 86. Ba riba, uwar kuɗi ma tana zubewa. A Jamus, inda kilowat-awa na gida yake wajen santin yuro 25, wannan kwamfutar tana cin kusan dala 2.40 a rana don ta kawo santi 83. Kati ɗaya, manhaja ɗaya, rana ɗaya, amma wani yana kan iyaka, wani yana asarar ninki biyu na abin da yake samu. Bambancin duka a mita yake.

Mutane suka fara kashe na'urori, har tsauri ya sauko zuwa wajen miliyan 1.1 a ƙarshen shekara. Masu tsadar wuta ne suka fara fita. Suka bar masu arahar wuta, da masu amfani da wutar da ba su ke biya ba, irin ɗalibai a ɗakunan kwanan jami'a, da mutanen ƙasashen sanyi. Su waɗannan na ƙarshe dole ne su ɗumama ɗaki da lantarki ko ta yaya, to zafin na'urar ya zama ɗumin da dā ma za su biya. Satoshi ya faɗi haka tun Agusta 2010, cewa haƙar za ta ƙare ne a inda ta fi araha, mai yiwuwa a wuraren sanyi.

A nan ne zuciyar tarihin take. Riba tana kiran hannuwa, hannuwa suna ɗaga tsauri, tsauri yana cinye riba, har abin da ake samu ya zo daidai da kuɗin wuta. Duk sati biyu ake sake wannan awo, babu mai roƙo, babu mai ɗaga ƙafa. Ba hatsari ba ne, haka aka gina tsarin. Ribar Yuni 2011 tazara ce kawai tsakanin tashin farashi da isowar sabbin na'urori, kuma wata uku ba ta yi ba. A 2009 kuɗin wuta ne ya haifi farashi. Daga 2011 abin ya juya: farashi ne ke yanke yawan wutar da za a ƙona, da wanda zai iya ci gaba da ƙona ta.

Ranar 28 ga Nuwamba 2012 kuma ƙa'ida ta farko ta cika, lada ta koma 25, farashi yana wajen dala 12. Dare ɗaya samun kowa ya rabu biyu, takardar wuta ba ta ragu da santi ɗaya ba.

2013: na'urar da ba ta iya komai sai haƙa

Kora ta biyu daga masana'anta ta fito. In canki ne kawai aikin, ana iya ƙera na'urar da ba ta san komai ba sai canki, ba hoto, ba rubutu, ba wasa. A ƙarshen Janairu 2013 irinta ta farko, mai suna Avalon, ta fito daga Sin, a kan dala 1,299. Tana canki wajen biliyan 66 a daƙiƙa da wat 600 da ɗoriya. A kowane kilowat-awa, aikinta ya ninka na katin hoto kusan sau 50.

Ku bi rayuwar wannan na'ura guda, domin ta ƙunshi darasin duka. Wutarta kilowat-awa 15 ce a rana, dala 1.80 a farashin gidan Amurka. A Fabrairu 2013, tsauri yana miliyan 3 da ƴan kai, tana kawo kusan Bitcoin 10 a rana, fiye da dala 200. Waɗanda suka karɓe ta da wuri sun mayar da kuɗinsu cikin kwanaki. A ƙarshen 2013 tsauri ya haura biliyan ɗaya, ninki kusan 400 cikin shekara guda. Na'urar ta koma kawo 0.03 a rana, amma da yake farashi ya haura dala 700, tana samun wajen dala 20. A ƙarshen 2014 tsauri ya kai biliyan 40, farashi ya faɗo wajen dala 320, samunta na rana bai kai santi 30 ba, wutarta tana nan a dala 1.80. Ƙasa da shekara biyu, na'urar da ta fi kowace a duniya ta zama abin ɗumama ƙafa.

Saboda haka ranar isowar na'ura ta zama rabin ciniki. Kamfanin Butterfly Labs na Amurka ya fara karɓar kuɗin mutane tun Yuni 2012, kayan suka yi jinkiri watanni da yawa, wasu suka iso bayan tsauri ya riga ya cinye amfaninsu, har hukumar kare masu saye ta gwamnatin Amurka ta kai shi kotu a Satumba 2014. Cinikin biri a sama ke nan. A gefe guda, kamfanin Bitmain da aka kafa a Beijin a 2013 ya fitar da Antminer S1 a ƙarshen shekarar, ya bi ta da wasu, kowace tana mai da ta baya tsohon yayi. Wanda ya ji labarin Jado bayan an ga zinariya a 2014 ya san wannan hoto: mahaƙi yana iya dacewa, yana iya dawowa hannu rabbana, amma mai sayar da ruwa da mai da na'urar neman zinariya kullum da cinikinsa.

Da na'urori suka zama kaya a kasuwa, wanda kowa mai kuɗi zai saya, sai gasar ta koma kan abu ɗaya tak, kuɗin kilowat-awa. Haƙar ta tattara ta bar gidaje, ta bi wuta mai araha: madatsun ruwan Sichuan a Sin lokacin damina, gawayin Mongoliya ta Ciki da Xinjiang, madatsun kogin Kolambiya a jihar Washinton inda kilowat-awa bai wuce santi 3 ba, da Aislan mai wutar zafin ƙarƙashin ƙasa da iska mai sanyi kyauta. Mai biyan santi 12 a gida ba ya karawa da mai biyan santi 3 a rumbun da ke da na'ura dubu.

To waɗanda suka yi arziki fa?

Akwai su, ba ƙarya ba ne. Amma mu bambanta abu biyu da labarin fada ke haɗawa: haƙa da ajiya. Bajamushen Nuwamba 2011 yana biyan fiye da dala 7 na wuta a kan kowane Bitcoin da ake sayarwa dala biyu da rabi a kasuwa. In ya yi imani da abin, da ya kashe na'urar ya saya, da ya samu kusan ninki uku. Arzikin da aka yi daga baya na ajiya ne: mutum ya riƙe kayan yana kallon faɗuwar fiye da kashi 90 cikin ɗari a 2011, bai sayar ba, bai ɓatar da mabuɗinsa ba, bai kuma bar su a Mt. Gox ba, wadda ta rushe a Fabrairu 2014 da wajen Bitcoin 850,000. James Howells na garin Newport a Birtaniya ya haƙi dubbai a 2009, faifan da suke ciki ya tafi juji a 2013, bai sake ganinsa ba. Masu arzikin su ne waɗanda suka tsallake duk waɗannan ramuka, kuma su kaɗai ake ba da labarinsu. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take, ba ta ganin abin da mutumin ranar yake gani.

Mu fa?

Ko a shekarun da ƙofar take buɗe, ba ta buɗe ta wajenmu ba. A 2010 masu amfani da intanet a Nijar wajen mutum ɗaya ne cikin ɗari. Ko yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gida. Haƙa tana son kuran da ba ya ɗaukewa awa 24, namu kuwa kafin Agusta 2023 mafi yawansa daga Najeriya yake zuwa, na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agusta 2023. Ga zafi. Ɗan Finlan yana ɗumama ɗaki da na'urarsa, mu kuwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai mun biya wuta sau biyu: ta na'ura, da ta kilim ɗin da zai hana ta ƙonewa.

Waya kuma fa? A Nuwamba 2024 ma'aunin tsauri ya haura tiriliyan 100, wato 1 da sifiri goma sha huɗu a bayansa, ladar shafi kuma ta sauko zuwa 3.125 tun Afrilun shekarar. Kwamfutar New Liberty Standard, mai shafi goma sha ɗaya a rana, a wannan tsauri sai ta yi shekara biliyan 25 kafin ta dace da ɗaya. Ko wayarka ta ninka ta sau ɗari, shekarun miliyoyi ne. Yawancin manhajojin da ake dannawa ba sa yin wani canki ma. Maki suke rubuta maka, su ara wa aikin sunan haƙa don darajar tsohon labari ta rufe shi. A fagen karatuna wannan sananne ne: kalma takan bar aikin da aka raɗa mata ta ci gaba da yawo da kwarjininta.

Saboda haka in wani ya gayyace ka haƙa, yi masa tambayoyin da New Liberty Standard ya yi wa kansa a 2009. Wace na'ura ce ke aikin, kuma wat nawa take sha? Nawa ne kilowat-awa a inda take, wa ke biya? Nawa take kawowa a rana a tsaurin yau, nawa za ta kawo in tsaurin ya ninka? Mai haƙar gaske yana da amsar ukun a bakinsa, domin da su yake kwana da su yake tashi. In an ce maka babu kuɗin wuta a ciki ko kaɗan, to sai ka nemi inda kuɗin ke fitowa, ko daga tallar da kake kallo, ko daga abokan da ka jawo, ko daga kuɗin rajistar da kai da kanka ka biya.